Yaya da Aikin da Dogo Ya Bari a Buɗe

Yaya ce ta ɗauke ni aiki. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, amma duk wanda ya yi mako guda a sashenmu haka yake komawa kiranta, har da Manaja da ya ba ta shekaru masu yawa. Ranar da na je neman aikin ta miƙo mini wayarta ta ce in lalata abin da ke ciki. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce manhajar kamfanin ce a buɗe, in yi ta danne-danne har sai wani abu ya karye. Na cika gurbin bincike da shirme da alamomi, manhajar ta daskare. Ta karɓi wayarta ta ce in zo ran Litinin. Haka na zama mai gwaji, wato wadda ake biya don ta tono aibin aikin mutane.

Kamfaninmu yana haɗa masu sayar da kayan gyaran mota da kanikawa. Mai shago ya saka kayansa a manhaja, bakanike ya nema daga garejinsa, mai babur ya kai masa. Duk cinikin a kan ɗan farin gurbin nan yake, inda ake rubuta sunan abin da ake so. Mai amsa binciken ita ce saba, wata kwamfuta da ke zaune a ɗaki mai sanyi a ƙarshen baranda. A cikinta akwai fayil ɗin da muke kira sikima. Shi ne yake gaya mata irin bayanan da kowane kaya zai zo da su: nan gurbin suna, nan na farashi kuma lamba kawai yake karɓa, nan na ƙirar mota, nan na shekara. Shi ne kuma yake gaya mata yadda za ta karanta kalmar da aka rubuta mata. Muddin ana kan gini a buɗe ake barinsa, a ƙara a rage. Idan an gama sai a kulle, don ko harafi ɗaya aka taɓa sai an sake jera kayan gaba ɗaya, kuma kafin jerin ya kammala binciken ba ya tafiya daidai.

Mutum biyu ne suka gina wannan binciken tun daga tushe, Yaya da mijinta Dogo.

Ita 'yar mai gyaran keken ɗinki ce, gidansu duk mata ne. Ta ce tun tana ƙarama ita ke jera wa mahaifinta kusoshi da ƙananan ƙarafa a gwangwanayen madara, kowanne da gidansa, kuma idan ƙannenta suka cakuɗa mata sai ta ƙi cin abinci. Bayan sakandare ta yi shekaru tana buga wa mutane takardu a wani shago kusa da kotu, da rana ta yi bugu, da yamma ta tafi ajin koyon rubuta manhaja. A ajin ta haɗu da Dogo. Shi ne wanda aka kora kujerar baya don yana tare wa mutane allo, shi ne kuma mai gama aikin gida kafin kowa ya manta da shi a motar haya. Maganar farko da ta yi masa ita ce ya sa rigarsa a baibai.

Suna da yara biyu, mace da namiji, ga mahaifiyarsa da ta dawo wurinsu tun da ƙafa ta fara ba ta wahala. Kullum tare suke zuwa ofis bayan sun sauke yara a makaranta, a wata tsohuwar mota da ƙofar gefen Yaya ba ta buɗuwa daga ciki, sai ya zagayo ya buɗe mata. Masu gadi sun ɗauka tsabar so ne. Dogo ya ce a bar su da tunaninsu, shi ya sa ma ya ƙi gyara ƙofar, alhali a kamfanin kayan gyara yake aiki.

A ofis ita ce shugabarsa. Oga yake ce mata, ita kuma ta ce masa Malam. Ni kuwa ya raɗa mini Uwar Tsegumi, don duk safiya sai na tare shi da abubuwan da suka karye a aikinsa. Yakan dafe kai ya ce wa jama'a su taya shi addu'a Allah ya kawo mini miji mai haƙuri. Teburinsa da nata suna kallon juna, nawa a gefe. Nata fes, biro ɗaya, kofi ɗaya. A nasa kuwa akwai tsofaffin fulogi da ya tsinto a wani gareji, da ɓawon lemo, da wayoyin caji da ba nasa ba.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne rubutun kanikawa. Abu ɗaya sai ya zo da suna goma. Wannan ya rubuta lagireto, wancan ladiyeta, wani ya gwada da Turanci ya ɓata rabin haruffan, wani kuma ya rubuta abin ruwa na gaba. Hannu duk baƙin mai, fuskar waya a tsage, mai mota na tsaye a kansa. Idan ya nema sau biyu bai gani ba sai ya rufe manhajar.

Yaya ta ce a zauna a tattara duk sunayen da ake kiran kowane kaya, a gaya wa saba cewa abu ɗaya ne, a tsayar da gurabe, a kulle. Aiki ne na haƙuri, ba shi da wani armashi. Dogo ya ce irin wannan aikin ba ya ƙarewa, gobe wani zai zo da sabon suna. Shi so yake a koya wa sabar ta daddatse kowace kalma ƙanana-ƙanana, haruffa bibbiyu ko uku-uku, ta yadda ko yaya aka rubuta za ta lalubo abin da ya fi kama. Kuma a bar sikima a buɗe, idan mai shago ya zo da bayanin da ba a tanada ba, sabar ta buɗe masa gurbi da kanta. Idan yana wannan bayanin har miƙewa tsaye yake, hannuwa suna yawo, mu kuma mu janye kofunanmu.

Sun daɗe suna gardamar, a ofis da a mota da a gida. 'Yarsu ta taɓa gaya mini cewa kakarsu ta hana a ambaci kalmar a wurin cin abinci, ta ce ita ba ta san ko 'yar gidan wa ce wannan Sikima ba, amma ta ishe ta.

Da lokacin kullewa ya matso Manaja ya kira taro. Dogo ya nuna aikinsa a allo, kuma ya burge. Manaja ya rubuta kafireto ta kowace hanya da ta zo masa, duk ya fito. Sai Yaya ta ce in karanta sakamakon gwajina. Na karanta. Idan kaya suka yi yawa sabar tana yin nauyi, kuma wanda ya nemi giyar mota sai ya ga sitiyari a sama, don kawai sun haɗa wasu haruffa. Dogo ya ce gyara kaɗan ya rage. A gajiye Yaya take a ranar, ɗansu ya kwana da zazzaɓi, ban da haka ba na jin za ta faɗi abin da ta faɗa a gaban kowa.

"Malam, wannan abin wasa ne. Mu kasuwa muke yi."

Ya yi ɗan murmushi, ya rufe kwamfutarsa a hankali. Manaja ya yi gyaran murya ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata su daidaita.

Kwanakin da suka biyo baya tare suke zuwa, yana buɗe mata ƙofa kamar kullum, amma barkwancin ya ɗauke. Oga da Malam suka koma na gaske. Ta gaya mini a wurin wanke hannu cewa ta san bakinta ya zarce, kuma za ta ba shi haƙuri, sai dai tana jira ya ɗan sauko tukuna. Idan ta bayar yanzu zai ɗauka ta janye ne a kan aikin, ita kuwa a kan aikin ba ta janye ba.

Wata Laraba da hantsi ya ce zai je kasuwar kayan gyara ya zauna da kanikawa, ya ga abin da suke rubutawa da idonsa, ya dawo da hujja. Ya ajiye mata makullin mota a tebur saboda ɗauko yara, ya ce shi zai hau babur. Tana kan waya da wani mai shago a lokacin, sai ta ɗaga masa hannu kawai, ba ta juyo ba. A hanyarsa ta dawowa wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta ta haɗa da babur ɗin. Mai babur ya karye a ƙafa. Dogo bai kai asibiti ba.

Ni na ɗauki kiran, don lambar ofis ce a jikin katin aikinsa. Ba zan iya ba da labarin wannan yinin ba. Abin da na riƙe kawai shi ne Yaya ta ƙi yarda a kai ta asibitin, ta ce sai an fara ɗauko yara, an tashe su tun ɗazu, kada su yi ta tsayuwa a rana. Manaja ne ya tuƙa mu.

Ta yi watanni a gida. Nakan je duk ƙarshen mako. Yawanci a falo nake samunsu ita da surukarta, talabijin a kunne ba sauti, tsohuwar tana riƙe da hannunta. 'Yan'uwanta sun so ta tattara yaran ta koma gidan mahaifinsu ko na ɗan lokaci ne, ta ce to Inna fa, wa za ta bar wa ita? Ba ta taɓa tambayata ofis ba, ni ma ban ɗauko ba. A can kuwa ba wanda ya taɓa sikima. Manaja ya ce a bar ta yadda take, a jira Yaya.

Ranar da ta dawo zobenta har juyawa yake a yatsa. Mun riga mun kwashe kayan teburin Dogo a kwali don kada ta gani, tana shigowa ta ce a mayar. Muka mayar, har fulogin. Ta zauna a nata teburin ta buɗe aikinsa, ba ta tashi ba sai bayan azahar, ta shiga wurin Manaja. Ta ce masa ta sake tunani, hanyar Dogo ce ta fi, ita ce ba ta fahimce ta ba a da, a ba ta lokaci ta ƙarasa. Manaja ya dubo ni ta gilashin ofishinsa, na sunkuyar da kai. Ya ce mata to.

Ban taɓa ganin an yi wa aiki hidima irin wadda ta yi wa wannan ba. Ta bi kowane layi da ya rubuta. Inda ya datse haruffa bibbiyu ta mayar uku-uku, ta kai huɗu, ta sake dawowa. Ta rage wa wannan gurbin ƙarfi ta ƙara wa wancan. Ta roƙi a ƙara wa sabar ƙwaƙwalwa, aka ƙara. Kowane canji sai an sake jera kaya dubbai, binciken ya yi ta tangal-tangal rabin yini, masu amsa waya a ƙasa su sha zagi. Ta daina fita cin abincin rana, sai in na ajiye mata a gabanta na tsaya. Duk ƙarshen mako nakan kai mata sakamakon gwaji, ta karanta shi har ƙasa, ta ce in sake, wataƙila layi ne ya yi rauni. In sake. Wani lokaci a sami ɗan ci gaba a nan, sai wani abu ya ɓalle a can.

Buɗaɗɗiyar sikimar kuma ta fara cinmu. Wani mai shago ya kawo sabon nau'in kaya ya rubuta "a kira ni" a wurin farashi, sabar ta buɗe gurbi ta ɗauka farashin kalma ce ba lamba ba, daga nan jera kaya daga mai sauƙi zuwa mai tsada ya rikice. Wani ya kuskure harafi a kalmar shekara, sabar ta yi masa nasa gurbin daban, kayansa suka ɓace wa duk mai nema da shekarar mota. Gurabe suka yi ta haihuwa. Kowa a sashen ya san maganin, ba mai bakin faɗa. Abokan aikinmu suka koma sammako suna share ɓarnar kafin ta iso. Masu kamfani suna matsa wa Manaja, shi kuma yana ta ba su uzuri, har ya fara shan maganin ciwon kai a gabanmu.

Wata rana na ajiye mata sakamakon na ƙi tafiya. Na ce, "Yaya, ba zai yi ba."

Ba ta ɗago ba. "Ya ce gyara kaɗan ya rage, ƙanwata. Bai taɓa yi mini ƙarya a kan aiki ba."

Na ce ai ba ƙarya ya yi ba, haka ya gani a lokacin. Ta ce in je in sake gwadawa.

Ana cikin haka wata safiya mai gadi ya hawo da wani dattijo. Bakanike ne, ya sa kaya masu tsabta amma ƙarƙashin faratansa baƙi ne. A garejinsa Dogo ya zauna ranar Larabar nan. Bai ji labari ba sai kwanan nan, da ya tambayi wani mai kai kaya ina dogon mutumin nan da ya yi alkawarin zai dawo. Ya ce ya ga bai kamata ya ji ya zauna ba, ko da an makara. Muka ba shi kujera, ya zauna a bakinta, hularsa a gwiwa, ya yi addu'a mai tsawo.

Yaya ta tambaye shi me Dogo ya yi a ranar. Ya ce a kan tsohuwar taya ya zauna, ya ƙi benci. Ya saya wa kowa shayi. Ya sa ma'aikatan garejin ɗaya bayan ɗaya suna rubuta sunayen kaya a waya, yana kallon rubutun yana dariya har da tari, su ma suna yi masa dariyar yadda bai san kan injin ba. Har ya taya su tura wata mota, ya ɓata wandonsa.

Sannan ta ce, "Baba, ya yi maganata?"

"Ya yi, 'yata. Ya ce matarsa ce ogansa, gardama ce tsakaninku, ya zo neman shaidu. Ya ce kin fi shi kai, amma wannan karon sai ya kayar da ke."

Ta yi dariya. Ita ce ta farko da na ji tun rasuwar. Ba ta kai ƙarshenta ba ta rufe fuska da gefen mayafi. Dattijon ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi ta juya hularsa.

Da zai tafi ta tambaye shi yaya manhajar. Ya ce lafiya lau, an gode. Ta miƙa masa wayarta ta ce ya nemi abin da yake bukata a garejin yau. Ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali. Alamar jira ta yi ta juyawa. Da jerin ya fito abin da ya nema yana can ƙasa, a samansa kayan da ba su haɗa komai da shi ba sai kamar haruffa. Ya mayar mata da wayar da hannu biyu, ya ce gaskiya sun koma kiran masu shago kai tsaye, ba don komai ba, mai mota ne ba ya jira. Ya yi ta ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Ta raka shi har bakin ƙofar gidan ofishin. Da ta dawo ta zauna tana kallon teburin da ke gabanta, ba ta taɓa komai ba har aka kusa tashi. Sannan ta kira ni da Manaja ta ce ran Litinin za a kulle, kuma da nata tsarin.

Muka zo da sassafe kafin shaguna su buɗe, ni da ita da mai kula da saba. Nata aikin a kammale yake tun kafin taron nan, ba abin da ya rage masa. Ta kwafe na Dogo gaba ɗaya ta ajiye a gefe, sannan ta fara cire gurabensa daga sikima ɗaya bayan ɗaya. Ta share waɗanda sabar ta haifa da kanta. Ta ɗora nata, ta sa a sake jera kaya. Jerin da ya saba cin rabin yini ya kammala shayina bai huce ba.

Na fara gwaji. Lagireto, ladiyeta, abin ruwa na gaba, duk abu ɗaya suka kawo, kafin in ɗage yatsa. Na nemi giyar mota, ita ta fito. Na bi duk hanyoyin da na sani na karya abu. A shekarun da na yi ina wannan aikin, ranar ce na fi son in sami aibi. Ban samu ba. Na gaya mata a hankali, ta ɗaga kai kawai.

Kullewar kanta ba wani abu ba ne. A fayil ɗin saiti akwai layi biyu, ɗaya yana ba sabar izinin buɗe gurbi da kanta, ɗaya yana ba mutane izinin canza sikima. A ƙarshen kowanne akwai kalmar yarda. Ta goge ta rubuta ta hani, ta kashe sabar ta sake kunnawa. Ta ce in gwada ƙara gurbi. Na gwada, sabar ta ƙi, ta dawo mini da jan rubutu.

Saura masu izinin shiga. Sunan Dogo yana nan a cikinsu, mai kula da saba bai iya cire shi ba duk watannin nan. Daga bayanta ya ce ta bar masa wannan, zai yi anjima. Ta ce a'a, ba a barin aiki rabi. Ta danna. Sabar ta tambaya ko ta tabbata. Hannunta ya daɗe a kan linzamin kwamfuta, har na ji ƙarar motar masu shara a titi ta zo ta wuce. Sannan ta danna.

Ta miƙe ta fita. Na ba ta ɗan lokaci na bi ta, na same ta a ɗakin saba, zaune a kan wani kwali, fankokin injin suna ta gurnani. Ba kuka take ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Tun da na dawo abu ɗaya nake roƙon Allah," in ji ta. "A ce shi ne da gaskiya. Da sai in tara ku a ɗakin taron da na faɗi maganar, in ce na yi kuskure, aikinsa ba wasa ba ne. Ko wannan ban samu ba."

Na ce mata ai ba wasa ba ne, ko da bai yi ba. Ta ce ta sani. Ta ce da ma ta juyo ranar da ya fita, ko "sai ka dawo" ta ce masa. Muka zauna har sanyi ya shige ni, na ji ma'aikata sun fara shigowa a baranda. Ta tashi ta karkaɗe zanenta ta ce in je in duba ko odar farko ta shigo.

Binciken ya tsaya daram. Masu amsa waya suka huta, kanikawa suka fara dawowa. Masu kamfani suka aiko da yabo, Manaja ya karanta a taro, ya ambaci Yaya da Dogo su biyu. Yaya ba ta zo taron ba, ta nemi izinin kai surukarta asibiti. Da aka yi mata maganar ƙarin girma ta ce ita dai a canza mata sashe. Aka mayar da ita wurin masu lura da kai kaya, a hawa na ƙasa. Ta yi aikinta tsaf kamar yadda ta saba, amma ba ta ƙara hawowa sama ba, idan tana nemana sai ta kira ni in sauka. Kafin shekara ta zagayo ta ajiye aikin. Kwalin kayan Dogo ni na kai mata gida.

Mu muna nan. Idan sabon kaya ya zo da ke bukatar gurbi, sai an gwada a kwafin saba tukuna, in gwada in sa hannu, a buɗe a saka a kulle a ranar. Ita ta rubuta mana wannan ƙa'idar kafin ta tafi. Sababbin ma'aikata suna cewa ta yi tsauri.

Yanzu tana koyar da kwamfuta a makarantar da yaranta suke, a ƙafa suke tafiya su dawo tare. Ɗalibai suna tsoronta, iyaye suna sonta. Gashin gabanta ya yi fari. Na je gidan kwanan baya na same ta tana duba aikin ɗalibai a falo, 'yar tana guga, ɗan yana kwance a ƙasa da littafin lissafi. Muka yi hira, ta tambaye ni mahaifiyata, ta yi mini faɗa a kan rama, ta cika mini leda da lemo.

Da ta rako ni bakin titi sai ta ce Inna ta fara mantuwa. Wata rana ta gane kowa, wata rana ta kira jikanta da sunan ɗanta. Da farko idan ta tambayi Dogo sukan gaya mata gaskiya, sai ta yi kuka sabo fil kamar ranar ta ji, gobe kuma ta sake tambaya. Likita ya ce su daina. Yanzu duk yamma idan ta ji ƙarar ƙofa sai ta ce ko ya dawo daga ofis ne.

Na ce to me take ce mata.

"In ce yana hanya, Inna, aiki ne ya riƙe shi. Sai ta ce a rufe masa abincinsa."

Motar haya ta tsaya. Ta riƙe mini ledar har na shiga, ta ce in gaida mutanen sama. Ba ta jira mun tashi ba ta juya, lokacin maganin tsohuwar ya yi.